Sharhi: Filin wasan Yankee da maƙwabtansa na unguwar Bronx

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa mai lamba 4 a tashar titi na 161 da ke unguwar Bronx a birnin New York da yammacin ranar wasa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne cincirindon jama'a sanye da huluna masu tambarin NY, suna tururuwa zuwa filin wasan Yankee. Tafiyar 'yan mintoci daga nan akwai unguwannin Highbridge da Concourse da Morrisania, inda dubban 'yan Afirka ta Yamma ke zaune, ciki har da Hausawan zangunan Kumasi da Akra. Ba abin mamaki ba ne a tarar da wanda ya shekara goma yana wuce wannan gini a hanyarsa ta zuwa aiki, amma bai taɓa leƙa cikinsa ba. Abin tambaya shi ne, shin shigar ta cancanci kuɗi da lokacin da za ta ci?

Wanda ya taso da ƙwallon ƙafa sai ya yi haƙuri da sa'ar farko. A wasan besbol mai jifa yana tsayawa ne tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, ya wurgo masa ƙwallo da gudun da kan wuce kilomita 150 a sa'a guda. Idan mai bugu ya dace ya make ta da kulkinsa, sai ya sheƙa a guje, yana neman kewaya tashoshi huɗu ya komo inda ya taso, wanda shi ne ci ɗaya. Ana yin zagaye tara, kuma a kowanne sai an fitar da mutum uku na kowane ɓangare. Kuskurewa ta fi dacewa yawa, domin ɗan wasan da ke samun bugu mai kyau sau uku cikin goma, gwani ne da ake ji da shi. Saboda haka akasarin lokacin a jira yake tafiya. Su kansu shugabannin wasan sun amsa wannan laifi, inda a shekarar 2023 suka kafa agogon da ke tilasta wa mai jifa ya saki ƙwallo cikin daƙiƙa 15 idan babu kowa a tashoshi, lamarin da ya rage tsawon wasa daga sa'a 3 da minti 4 zuwa kimanin sa'a 2 da minti 40.

To amma a cikin wannan jira ne daɗin abin yake. Amurkawa ba sa zuwa besbol da zaman ɗar-ɗar irin na wasan kusa da na ƙarshe, domin kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, 81 daga ciki a gida, kuma wanda ya sha kaye yau gobe ma rana ce. Dandali ne na hira, inda kaka da jika ke zama gefe da gefe suna ɓare gyaɗa suna gardama. Magoya bayan ɓangarorin biyu a cakuɗe suke zama ba tare da shingen 'yan sanda ba, ko da yake wanda ya shigo da rigar Red Sox ta Boston zai sha baƙar magana. Ƙwallon da ta faɗo cikin 'yan kallo ta zama ta wanda ya cafe ta, kuma al'ada ce babba ya miƙa ta ga yaron da ke kusa da shi. A bencinan da ke bayan fili ta hannun dama, talakawan magoya baya kan riƙa kiran sunan 'yan wasan Yankees ɗaya bayan ɗaya a farkon wasa, ba sa bari sai kowa ya waiwayo ya amsa. Ko don wannan kaɗai tikiti mai araha ya biya kuɗinsa.

Mai zuwa da iyali yana bukatar shiri. Abincin cikin filin tsada gare shi ainun, sai dai an yarda mutum ya shigo da nasa da ruwan gorar da ba a buɗe ba. Ana sayar da giya kusan ko'ina, amma akwai 'yan sassa a saman bene da aka hana shan ta. Wasannin dare kan fara ne da misalin ƙarfe 7, ga shi a lokacin zafi magariba takan faɗo ana tsakiyar wasa, kuma wanda ya fita ba ya komawa da tikitinsa. Wasan rana na ƙarshen mako ya fi sauƙi ga mai kiyaye lokacin salla.

Sai dai kuma daga saman benen ne ido ke ganin abin da ya fi damun masu sukar filin. A kewayen wurin bugu akwai layukan kujeru masu taushi da aka keɓe wa masu hannu da shuni, an raba su da sauran jama'a da wata katangar kankare wadda 'yan kallo da kansu suka laƙaba wa suna ganuwa. Lokacin da aka buɗe filin a shekarar 2009 an sa wa wasu daga cikin kujerun farashin dala 2,500 a wasa guda, har sai da hotunan talabijin suka yi ta nuna su wayam, sannan ƙungiyar ta rage kuɗin. Tsohon filin da aka buɗe a 1923 yana ɗaukar mutane kusan dubu 57 a shekarunsa na ƙarshe, sabon kuwa bai kai dubu 50 ba a yanzu. An rage kujeru, an ƙara ɗakunan alfarma, a yankin da mazaɓarsa ta majalisar wakilai ke cikin mafiya talauci a ƙasar Amurka baki ɗaya.

Batun ƙasar da aka yi ginin a kai ya fi wannan ciwo. Filin shaƙatawa ne na jama'a, fiye da eka 20 na wuraren da a lokacin ake kira Macombs Dam da Mullaly, wanda majalisar dokokin jihar New York ta amince a sallama cikin 'yan kwanaki a shekarar 2005. A 2006 aka killace shi, aka sare ɗaruruwan itatuwa, a unguwar da cutar asma ta addabi yara. An ƙiyasta cewa aikin baki ɗaya ya ci dala miliyan dubu 2 da 300, kuma fiye da miliyan dubu ɗaya daga ciki tallafi ne da rangwamen haraji daga hukuma, wato daga aljihun jama'a, ciki har da direban tasin da ke wucewa ta ƙofar kullum.

Masu kare ƙungiyar suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. An samu sabuwar tashar jirgin ƙasa a titi na 153, ana ɗaukar 'yan unguwa aikin tsaro da sayar da abinci, ko da yake na kakar wasa ne kawai, kuma tun 2015 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta New York City take buga wasanninta na gida a can, abin da ya jawo waɗanda besbol bai dame su ba. Akwai kuma asusun da ƙungiyar ta yi alkawarin zuba wa dala dubu 800 kowace shekara domin ayyukan al'ummar Bronx. To sai dai kwantiragin da Aaron Judge ya sanya wa hannu a 2022 na dala miliyan 360 ne a shekara tara, wato miliyan 40 a shekara. Idan aka raba wannan bisa wasanni 162, rabon unguwar na shekara guda bai kai ladan ɗan wasa ɗaya na wasa huɗu ba.

Shiga filin sau ɗaya ya cancanta, da rana, a benci mai araha, da guzuri a hannu. Mai fitowa kuma ya tsallaka titi na 161 ya ga Heritage Field, filin da aka shimfiɗa a gurbin tsohon ginin domin a biya unguwar abin da aka karɓe mata, inda yara ke wasa ba tare da tikiti ba. Sai a 2012 aka buɗe shi, shekara uku bayan Yankees sun tare a sabon gidansu, shekara shida bayan an rufe wa yaran nasu.