Kar mu sa wa tsohuwar Hilux turbo da kuɗin karo-karo

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, na goyi bayan shawarar haɗa kuɗi a sayi tsohuwar Hilux mai gas don kwasar kayanmu lokacin hutu. Amma batun sa mata turbo don ta riƙa wuce tireloli a hanyar Lokoja, gaskiya ban yarda ba.

Injin 5L mai lita 3 ba a ƙera shi da turbo ba, kuma matsinsa ya kai kusan 22:1. Turbo iska yake ɗurawa, sai an ƙara gas kafin ƙarfi ya fito, ƙarin gas kuwa ƙarin zafi ne. A injin da ya sha tafiya, gaskit da fistan da tof-silinda ne za su ji jiki. Ga burki da kuloci duk tsofaffi.

Na san hujjarku: a hawan Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, iska ba ta da kauri, motar takan yi sanyi. Haka ne. Maganin shi ne a rage lodi, a sauko giya, a yi haƙuri.

Kuɗin turbon nan, a gyara nozul, a wanke lagireto, a sayi taya da burki masu kyau. In ƙarfi ake so dole, a nemi mai injin 1KZ-TE, wanda Toyota ta ƙera da turbonsa.

Gara mu makara da awa ɗaya da mu kwana a daji da kayan jama'a. Allah ya kai mu gida lafiya.