Wanda ya kulle keji shi ke da alhakin jinin da ya zuba a ciki

Duk wanda ya taɓa tsayawa da hantsi a bakin madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, ya ga yadda belbelu ke rigima a kan wurin kiwo. Wannan ta kai wa waccan sara, waccan ta buɗe fiffike ta sauka can gaba kaɗan, shi ke nan magana ta mutu. Ba kasafai ake ganin jini ba, domin wadda aka fi ƙarfi tana da inda za ta. Tashi shi ne makamin da Allah Ya ba mai rauni a cikin tsuntsaye.

Wannan makamin ne muke ƙwacewa a gidajenmu na Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da ruwan. Kiwon tantabaru da kaji da zabi tsohon abu ne a wurinmu, yanzu kuma samari da ɗalibai sun ƙaro da kanari da ƙananan aku masu launi. Sai a tara su a keji ɗaya, babba da ƙarami, tsohon gida da baƙo, a ja ƙofa a kulle. Gari na wayewa a tarar da ɗaya ya takure a lungu, an fige masa kai, ido ya kumbura. Mai kiwo ya leƙa ya ce halinsu ne, zo mu zauna zo mu saɓa. Mu dai ba mu ga wannan uzuri zai karɓu ba, tunda saɓanin nasu ne, amma kullewar tamu ce.

Ajiye tsuntsu a gida halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) yakan tambaye shi labarinsa cikin raha, bai hana shi ba. Malam Ibnul Ƙass ya fitar da fa'idoji sittin daga wannan hadisi shi kaɗai, Ibnu Hajar kuma ya kawo su a Fathul Bari, har da halascin riƙe tsuntsu a keji. Sai dai halascin yana tafe da sharaɗi. Waɗannan malaman hadisi biyu su ne kuma suka ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, Mukhtasar na Shehu Khalil ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita.

A nan ne ya kamata mai kiwo ya tsaya ya yi wa kansa hisabi. Da yawanmu muna ganin mun sauke nauyi da zarar mun zuba tsaba mun cika kasko da ruwa. To, idan kaskon ɗaya ne, kuma babban namiji ya tsaya a kansa yana korar duk wanda ya matso, shin ƙaramin ya ci? Yana iya mutuwa da yunwa alhali gero na gabansa. A fahimtarmu, abincin da bai kai cikin wanda aka tsare ba bai cika ciyarwa ba, ko da kuwa mudu guda aka zuba.

Faɗan kuma yana da dalilai sanannu. Kaji suna da tsarin girma a tsakaninsu, kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya rubuta wannan a farkon shekarun 1920, ko da yake iyayenmu mata masu akurki sun riga shi sani. Jefa baƙuwa a ciki kai tsaye yana rushe tsarin, sai an sake gwada ƙarfi. Cunkoso na ƙara abin, haka ma zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, ga keji a ƙarƙashin rufin kwano. Kaza kuwa idan ta ga jan jini a jikin 'yar'uwarta ba ta bari, sauran su ma su taru su caccake ta har ta mutu. Tantabara da muke yabo da sanyin hali, namijinta bai yarda wani ya kusanci sheƙarsa ba, kuma ɗan shilar da ya faɗo ko ya ɓace zuwa tukunyar wasu yakan sha sara har fatar kansa ta ɗaye. Shi ya sa masu kiwo na ƙwarai suke sa tukwane su fi ma'auratan yawa, su raba wurin ci da sha biyu ko uku, su ajiye baƙo a gefe na wasu kwanaki inda za a riƙa ganin juna ba a taɓa juna, su kuma cire mai rauni tun ranar da jini ya fito.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu haddasa faɗan da gangan. Yara su kamo zakaru biyu su haɗa, a yi da'ira ana shewa, wani ya ɗaga waya yana ɗauka, wani lokaci har a aza kuɗi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Ibnu Abbas (RA) hani a kan zuga dabbobi su yi faɗa. Gaskiya ne malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma malaman fiƙihu sun hana aikin, domin azabtarwa ce ba tare da wani amfani ba, in kuɗi ya shiga kuma ya zama caca. Uban da ya wuce yana murmushi ya sani cewa yaron da ya saba jin daɗin ganin an danne mai rauni ba a akurki zai tsaya ba.

Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, kuma za a tara su zuwa ga Ubangijinsu. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa ranar alƙiyama za a rama wa akuya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. Idan har dabbar da ba a ɗora wa shari'a ba za a karɓi haƙƙi a hannunta, ina ga baligi mai hankali wanda ya haɗa su, ya riƙe mabuɗi, ya tafi hutun makaranta ya bar su a hannun wanda bai damu ba?

Wanda ba shi da halin keji na biyu ya rage yawansu. Ya sayar, ko ya kyautar ga mai fili, ko ya yanka wanda ake ci ya ciyar da iyalinsa. Ƙananan akun da aka ƙyanƙyashe a keji kuwa kada a buɗe musu ƙofa da sunan tausayi, domin ba su san neman abinci ba, kuma shirwa na jira.