Kaskon Kare Da Lafiyar Gida A Garin Lafiya

Tun daga shekarar 1996 da aka yanki Jihar Nasarawa daga cikin Jihar Filato aka mai da Lafiya babban birninta, garin bai daina faɗaɗa ba. Sababbin gidaje sun tsiro a hanyar Makurɗi da ta Shendam da ta Doma, kuma wanda duk ya bi waɗannan unguwanni da dare zai ji haushin karnuka a bayan katanga, domin tsoron ɓarayi ya sa masu gidaje da yawa sun koma ga kare. Ga kuma maharba da manoma na ƙauyuka waɗanda tun kaka da kakanni ba su rabu da shi ba. Amma da wuya a ji ana zancen abin da ake zuba masa a kasko, alhali kuwa abin ya shafi lafiyar mutanen gidan kansu.

Masu kare a garin iri biyu ne. Akwai mai jefa masa ƙanzo in ya rage, in bai rage ba ya sake shi ya nemi rabonsa a juji. Akwai kuma ɗan boko mai sayen abincin buhu na ƙasashen waje, wanda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Na farko yana zaton kare ba ya bukatar komai, na biyu kuwa yana zaton tsada ita ce inganci.

Kare dai ba kura ba ne, nama kaɗai bai ishe shi ba, kuma hatsi ba ya cutar da shi. A 2013 wasu masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa zaman da kare ya yi da ɗan Adam na dubban shekaru ya sa cikinsa ya fi na kyarkecin daji iya narkar da abinci mai gari. Saboda haka tuwo ko shinkafa abinci ne a gare shi, sai dai ba su wadatar da shi su kaɗai. Ma'aunin da hukumomin abincin dabbobi na Amurka suke bi ya nemi aƙalla kashi 18 cikin 100 na busasshen abincin babban kare ya zama mai gina jiki, na kwikwiyo da karya mai shayarwa kuwa kashi 22 da rabi. Ƙanzo tsurarsa bai kai ko kusa ba, shi ya sa ake ganin karnukan gari haƙarƙari a waje, gashi na zuba.

Abin mamaki shi ne maganin wannan yana cikin kasuwar Lafiya da araha. Tsakin shinkafa na injinan casa, da dankali, da kabewa, da kawunan busasshen kifi a daka, da tumbi ko huhu dafaffe, da ƙwai jifa-jifa, in an haɗa su an dafa ba yaji, sun isa su riƙe karen gadi. Wanda kuma ya ɗora kwikwiyo a kan tsoka zalla don gata, shi ma ya yi kuskure, gama tsoka ba ta da sinadarin da ke gina ƙashi, sai ƙafafu su karkace tun yana ƙarami. Ɗan garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka yana toshe wannan giɓi. Ƙashin kaza dafaffe kuwa a nisanta shi da shi, domin yakan tsage ya soki hanji.

Sauran miyar gida ma akwai magana a kanta. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare in sun yi yawa, ga gishiri da ɗunƙulen miya da uwargida ba ta rowarsu. Cakulan da yara ke miƙa masa don wasa guba ne a jikinsa.

Amma babban haɗari a ƙasa mai damina kamar Lafiya shi ne funfuna. Al'ada ce in masara ko gyaɗa ta jiƙe a rumbu ta yi baƙi, a ce a ba dabbobi kada a yi asara. Wannan funfuna tana haifar da wata guba da ake kira afalatoksin, wadda aka gano bayan da ta kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, ta hanyar tunkuzar gyaɗa. Hanta take ci, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Kare na cikin dabbobin da ba su jure mata: sai ya ƙi abinci, ya yi ta amai, idanu da dasashi su yi rawaya, kafin a farga ya mutu, mai shi kuwa ya ce maƙwabta ne suka sa masa guba. Gaba da yawa ta ƙullu a kan irin wannan zato. Kuma kada mai abincin buhu ya ɗauka ya tsira. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da labarin mutuwar karnuka fiye da 100 bayan sun ci abincin kamfani da aka yi da masara mai wannan guba. Kafin nan, a 2007, an janye abincin karnuka da kyanwoyi mai tarin yawa daga kantunan Amurka, saboda an gauraya wani sinadari mai suna melamin a cikin garin alkama da aka shigo da shi daga Sin, ya riƙa kashe musu ƙoda.

To, mai sayen buhu sai ya rage kallon hoton kare mai sheƙi da kirarin talla, ya juya bayan buhun. A nan ne zai ga lambar rajistar NAFDAC, da ranar lalacewa, da jerin kayan haɗi, wanda bisa ƙa'ida ake farawa da abin da ya fi nauyi a ciki. Wanda ake aunawa da mudu daga buɗaɗɗen buhu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan shaidu.

Sai batun kwata. Mahauta sun san huhu ko hanta mai ƙulli-ƙulli cike da ruwa, kuma sau da yawa karnukan da ke kewaye ake jefa wa. Cikin waɗannan ƙulli akwai 'ya'yan wata tsutsa da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya manne a gashinsa ko ya faɗa a ƙasar da yara ke wasa. In ya shiga cikin mutum sai ya yi jaka a hanta ko huhu, ya yi shekaru yana girma shiru, wani lokaci sai da aikin tiyata ake raba shi da ita. Irin wannan nama binnewa ko ƙonewa ya kamata a yi, kayan cikin da za a ba kare kuwa a dafa su sosai, a kuma riƙa ba shi maganin tsutsa bisa shawarar likitan dabbobi.

Karen da bai ƙoshi a gida ba shi ne mai yawo, mai yawo kuwa shi ke gamuwa da mahaukacin kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, yara na da kaso mai tsoka a ciki, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin wannan ciwo, kuma daga Lafiya zuwa can tafiyar 'yan sa'o'i ce ta hanyar Akwanga. Ana yi wa kwikwiyo tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa shekara-shekara. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana babu sauran magani.