Ƙarfen Gaban Mota da Shanun Hanyar Tambuwal

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega, ya san cewa masu mota ba su kaɗai ke da kwaltar ba. Akwai makiyayi da garkensa, akwai mai jaki da mangalarsa, akwai raƙumin da ya ɗauko buhunan gero, ga kuma awakin da ba sa neman izinin kowa kafin su tsallaka. In aka bar babbar hanya aka gangara ƙauyukan Kebbe, dabba ta fi mota yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa mai Hilux ko wata a-kori-kura a wannan yanki, ko ɗan kwangila ne, ko jami'in lafiya, ko mai babbar gona, abu na farko da yake yi bayan rajista shi ne ya kai ta wurin mai walda a ɗaura mata ƙarfen gaba. Kuma yawanci sharaɗi ɗaya yake bayarwa: a yi shi da kauri.

Ina ganin wannan sharaɗin ne kuskuren. Ƙarfen gaba yana da amfani, amma amfaninsa yana da iyaka ƙunƙuntacciya, kuma kaurin da ake nema shi ne ke fitar da shi daga wannan iyaka ya mai da shi haɗari ga na cikin mota da na wajenta.

Kyau a fara da inda abin ya samo asali. Ƙarfen gaba ya yi ƙarfi ne a karkarar Ostireliya, inda direbobi ke cin karo da kangaru a hanyoyin da mutum zai yi tafiyar sa'o'i bai ga gari ba. A Amurka kuwa barewarsu ce matsalar, ana samun karo da ita fiye da sau miliyan ɗaya a shekara. Waɗannan dabbobi biyu da wuya su haura kilo 100, yawancinsu ma ba su kai haka ba. To kwatanta su da abin da ke tsallaka hanya a Dogon Daji. Bokolo, wato saniyar nan ta ƙasar Sakkwato mai gajeren ƙaho, macen takan haura kilo 300, bijimin kuwa yana iya kai 500. Raƙumi yana tsakanin 400 da 600. An ƙera kayan ne don dabbar da nauyinta bai wuce na babban mutum ba, mu kuma muka ɗauko shi muna sa ran ya tare mana bijimi.

Duk da haka, masu sa ƙarfen suna da hujja, kuma hujjar tana da nauyi. Abin da ke tsayar da mota bayan ta buge akuya ko tunkiya ba kasafai yake wuce lagireto ba. Yana nan a gaba, bayan ragar roba da ba ta tare komai, kuma da ya huje ruwa ya tsiyaye, tafiya ta ƙare. A cikin garin Sakkwato wannan ɓacin rana ne kawai da kuɗin bakanike. A dajin da ke tsakanin Kebbe da iyakar Zamfara, bayan magariba, a shekarun nan na rashin tsaro, motar da ta mutu a hanya magana ce ta rai. Wanda ya ce yana so motarsa ta iya kai shi gari na gaba ko da ta buge ɗan maraƙi, ba zan ce masa ya yi wauta ba. Wannan shi ne aikin ƙarfen gaba na gaskiya: ya kare lagireto da fitilu daga ƙaramar dabba, a matsakaicin gudu.

Da zarar dabbar ta girma, lissafin ya canja. Saniya da raƙumi dogayen ƙafafu gare su, nauyinsu yana sama. Abin da gaban mota ke samu shi ne ƙafafun. Yana share su, gangar jikin kuma ta taho ta kan bonet ta faɗa wa gilashin gaba da rufi. Likitocin Saudiyya sun daɗe suna rubutu a kan irin raunin da karo da raƙumi ke jawowa, kuma abin da suke yawan gani shi ne karayar wuya da raunin kai, domin dabbar ta saman mutane take saukowa. Haka abin yake a Suwidin da wata babbar barewarsu mai dogayen ƙafafu, har kamfanin Volvo ya ƙera mutum-mutuminta yana gwada ƙarfin rufin motocinsa da shi. Ka lura, rufi suke gwadawa. Babu kaurin bututun da za a ɗaura a gaban lagireto da zai hana raƙumi faɗowa ta gilashi.

Sai kuma abin da ƙarfen ke yi wa motar kanta. Injiniyoyin da suka ƙera Hilux ta zamani da gangan suka sa gabanta ya riƙa lotsewa idan an yi karo. Lotsewar nan ita ke shanye ƙarfin bugun, ta tsawaita shi da ɗan ƙiftawar ido, kuma wannan ɗan ƙiftawar ne bambanci tsakanin ƙirjin da ya ƙuje da wanda ya karye. Mutumin da ya ga motar da gabanta ya murƙushe yakan ce motocin yanzu gwangwani ne. Bai lura cewa direban ya fito da ƙafarsa ba. Idan aka yi wa shasi waldar ƙarfe mai tauri, bugun ba ya ɓacewa, wucewa yake yi kai tsaye zuwa shasin da kuma jikin mutanen da ke zaune a kai. Na'urar da ke buɗe jakar iska ma an saita ta ne bisa yadda gaban motar ke lotsewa. Canja mata wannan, sai ta iya buɗewa a makare, ko ta fashe a fuskar direba a kan ɗan karon da bai kai ya kawo ba.

Akwai kuma wani abin takaici da makanikai suka sani sarai. Irin ƙarfen nan dogo da ake ɗaurewa da 'yan maƙalai biyu ta ƙasa, idan aka buge shi ta sama, lanƙwasowa yake yi baya kamar murfin akwati. Sai ya danne bonet, ya fasa fitilu biyun gaba ɗaya, ya tura raga cikin lagireton da aka sa shi ya kare. Karon da zai tsaya a canjin bamba sai ya zama aikin gaban mota duka. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne, a kan hanyar Tambuwal, abin da gaban mota ke haɗuwa da shi ba dabba kaɗai ba ne. Hanyar ta tsakiyar garuruwa take ratsawa. Ranar kasuwa kwalta kan zama rumfa: ga 'yan kabu-kabu, ga 'yan talla da farantai a ka, ga almajirai, ga tsoho da sandarsa. Bambar roba da bonet mai lanƙwasa, idan suka bugi babban mutum, sukan ɗauke shi ya kwanta a kan bonet, ƙarfin ya bazu a faɗin jiki. Bututun ƙarfe kuwa tattara ƙarfin yake yi a layi ɗaya siriri, a daidai cinya ko ƙugun babba, a daidai ƙirji ko kan yaro, sannan ya tura mutum gaba ya faɗi ƙarƙashin taya. Mai motar ya sayi kariya, amma wanda ya biya kuɗinta shi ne yaron da ba a yi shawara da shi ba.

Wannan dalilin ne ya sa Tarayyar Turai ta yi doka a 2005 cewa ba za a sayar da ƙarfen gaba ba sai ya ci jarrabawar bugun ƙafa da kai na mai tafiya a ƙasa, abin da ya kori irin mai taurin nan daga kasuwarsu. Indiya, wadda hanyoyinta suka fi kama da namu wajen cakuɗuwar shanu da babura da mutane, ta umarci jihohinta a watan Disamba na 2017 su hukunta masu ɗaura shi, ta kafa hujja da dokar motocinta ta 1988. Ita kanta Ostireliya da ta raini abin ba ta bar shi sakaka ba: tun 2002 tana da ƙa'idar da ta ce dole ya bi siffar gaban motar, kada ya karkata gaba, kada ya kasance da kaifi ko ƙugiya. Indiya ba ta rasa shanu a titi ba. Ta auna ne ta ga wanda ake asara ya fi wanda ake karewa.

To, wanda aikinsa ke kai shi Kuchi ko wani lungun Kebbe da gaske, wane iri zai zaɓa? Ni dai zan ce ya nemi wanda aka ƙera wa ainihin samfurin motarsa, wanda maƙerinsa ya tabbatar a rubuce cewa ya dace da jakar iska, kuma a ɗaure shi da noti a ramukan da kamfani ya tanada a jikin shasi. Kada wutar walda ta taɓa shasin. Kada tsayinsa ya wuce bakin bonet, ya karkata baya yadda fuskar motar ta karkata, gefunansa a zagaye. Alminiyam ko roba mai tauri sun fi bututun ruwa da aka yanka aka haɗa, domin suna ba da kai idan bugun ya yi yawa, kuma ba su da nauyi. Na ƙarfe yana iya ɗora wa gaban mota kilo 50 zuwa sama, kullum, a kan tayu da birkin gaba, ko an ga saniya ko ba a gani ba. A duba kuma kada ya tare hasken fitila, kada ragarsa ta yi ƙanƙanta har ta hana iska shiga. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, lagireton da aka toshe wa numfashi zai tsayar da kai a daji ba tare da taimakon akuya ba. Na san irin wannan ya fi na mai walda tsada, wani lokaci ninki da yawa. Araha ba ta ado, balle a abin da ke tsaye tsakaninka da mutane.

Ba raina masu waldarmu nake yi ba. Hannunsu yana da kyau, kuma abin da aka ce su yi suke yi. Ba su da filin da za su buga mota da bango su auna abin da ya faru, shi ke nan.

Wanda kuwa motarsa daga gida sai ofis, sai ɗaurin aure a Birnin Kebbi, ba shi da uzuri. Ado ne ya ɗaura, adon da ke iya kashe mutum a gudun da bamba za ta bar shi da karaya. Nan ya kamata ma'aikatu da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin agaji, waɗanda su ne manyan masu sayen Hilux a jihar, su dubi jerin motocinsu su raba ta daji da ta gari.

Sauran magana ta gudu ce, kuma lissafinta ba ya buƙatar injiniya. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Daga ganin saniya zuwa taka birki, direba a farke yakan ci daƙiƙa ɗaya da rabi, wato mita 42 sun tafi. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da tayu masu kyau, yana son wasu mita 50. Jimla ta haura 90. Ƙaramar fitila ba ta haska fiye da mita 50 zuwa 60, kuma baƙar saniya ko ja a cikin hazon hunturu ba ta bayyana sai an zo kusa fiye da haka. Wanda ke gudun 100 da dare, ke nan, ya riga ya buge abin da bai gani ba tukuna. A gudun 70 jimlar tana sauka zuwa kusan mita 55. Ƙarfin bugu kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake yi: karo a 120 ya fi karo a 80 ƙarfi sau biyu da kwata. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ga motar gida a irin wannan hanya kilomita 80 ce, a cikin gari 50. Abin da nake tsoro game da ƙarfe mai kauri shi ne abin da yake raɗa wa direba a kunne, cewa yanzu ba abin da zai same shi, sai ƙafa ta ƙara nauyi a kan totur.

Kaucewa da sitiyari ma ba mafita ba ce a doguwar mota. Wata mujallar motoci ta Suwidin, Teknikens Värld, tana da gwajin kauce wa dabba ba zato. A 1997 Mercedes A-Class ta kife a cikinsa, a 2016 kuma Hilux ta ɗaga tayu biyu a gudun da bai wuce kusan kilomita 60 ba, har sai da Toyota ta sake saita na'urar daidaita motar. Yanzu ɗora mata buhunan albasa daga Aliero da mutum shida a baya. Idan akuya ce, a taka birki a miƙe, a biya mai ita. Kuma a tuna dabba ba ta tafiya ita kaɗai. Inda ɗaya ta tsallaka, akwai wasu a bayanta, akwai kuma yaron da ke kora su.

Wuraren da garke ke tsallaka hanyar nan ba sirri ba ne. Burtali ne, da hanyar mashaya, da bakin kasuwar dabbobi, kuma lokutansu sanannu ne: hantsi da yamma kullum, da bayan girbi lokacin da makiyaya ke gangarawa kudu, da farkon damina lokacin da suke komowa. Kowane ardo da kowane hakimi tsakanin Shagari da iyakar Jihar Kebbi zai iya lissafo su a zama ɗaya. Alama mai ƙyalli da dare a kowane ɗayansu, da 'yan kunyoyin rage gudu kafin a iso, ba za su kai kuɗin Hilux ɗaya ba, kuma aiki ne da Ƙaramar Hukumar Tambuwal da ta Kebbe za su iya kai wa ma'aikatar ayyuka da Hukumar Kiyaye Haɗurra a rubuce kafin kaka mai zuwa.