Farfesa Da La'ada Hannu Biyu

A kasuwa mun san dillalin da ke cin la'ada hannu biyu a ɓoye. Haka ta faru a jami'ar Harvard ta Amurka. Farfesa Charles Lieber yana bincike da kuɗin gwamnatin ƙasarsa, alhali ya ƙulla yarjejeniya da wata jami'ar Wuhan ta ƙasar Sin, kan albashin da zai iya kaiwa dala 50,000 a wata. A Disambar 2021 kotu ta same shi da laifin yi wa hukuma ƙarya da ɓoye wa masu haraji kuɗin. A ganinmu, da ya bayyana tun farko, da bai shiga wannan tasku ba.

Sai dai farautar ta wuce gona da iri. An tuhumi Farfesa Gang Chen na MIT, aka janye ƙarar a Janairun 2022, kuma wata guda bayan haka gwamnati ta rufe shirin farautar.