Biyan kuɗin shiga dandalin sada zumunta: Ina makomar manomin albasa a Madawa?

Idan ba a manta ba, a watan Fabrairun 2023 kamfanin Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya sanar da daina bai wa masu ƙera manhajoji damar ɗibar bayanansa kyauta, kuma Reddit ya bi sahu a wannan shekarar. A watan Oktoba kuma X ya gwada karɓar dalar Amurka ɗaya a shekara daga sababbin masu rajista a Filifin da New Zealand, wai don maganin asusun bogi.

Wani zai ce ina ruwan Madawa, Buza da Keita da rigimar attajiran Amurka? Da ruwansu kuwa. Manomin albasa a kwarin Tarka da saƙon murya na WhatsApp yake jin farashin buhu a Abijan ko Akara kafin dillali ya yi masa ciniki. Matar da mijinta ya tafi ci-rani Libiya da shi take sanin an turo kuɗin cefane. Galibinsu ba su yi boko ba, murya ce rubutunsu.

Kamfanonin na da hujja, ba mu musa ba: na'urori da ma'aikata na cin kuɗi. To amma wa ya ce kyauta muke shiga? Muna sayen megas wurin Airtel, Moov ko Zamani, sannan ana tallace-tallace da bayananmu. Shi kansa WhatsApp a 2016 ya soke dala ɗaya da yake karɓa a shekara, saboda masu amfani da shi da dama ba su da katin banki. Mutum nawa ke da katin a ƙauyukan Buza? Ko Uganda da ta ɗora harajin shilin 200 a rana a 2018, jama'a suka riƙa zagayewa ta VPN, a 2021 ta soke shi.

A ganinmu, a karɓi kuɗi wurin manyan 'yan kasuwa da masu son alamar shuɗi, ai mai son ado shi ke biya. Amma a bar talaka da saƙonsa, a kuma sassauta wa ƙananan masu ƙera manhajoji. Matashin Tawa da ke son haɗa manhajar farashin albasa da Hausa, da sefa yake samu, da dala za a ce ya biya.