Zafin ɗaki ne ko fargabar jarrabawa?



A makon jiya wata uwa ta shigo kantin maganinmu a nan Legas da 'yarta mai shirin rubuta WAEC. Ta ce, "Malama, a ba mu maganin maleriya. Da ta zauna karatu sai gumi ya karyo mata, ta ce ɗakin ya yi zafi." Ashe ɗaki ɗaya suke karatu da ƙanwarta, fanka ɗaya, amma ita ƙanwar ko a jikinta. Na auna zafin jikin yarinyar, 36.8, lafiya lau. Gwajin maleriya ma bai nuna komai ba. Da na ja ta gefe, sai ta ce tsoron lissafi ne ke hana ta barci.

Abin da ke faruwa shi ne, idan fargaba ta kama mutum, jiki yakan saki sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya ƙaru, tafin hannu da hammata su jiƙe. Ga shi iskar Legas da laima, gumi ba ya saurin bushewa. Zafin da ɗalibi zai jure ranar da yake cikin nishaɗi, ranar damuwa sai ya ji kamar a bakin murhu yake. Zafin ya ƙara masa ƙunci, karatu ya ƙi shiga.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen shan magani. Farasitamol ba ya maganin zafin ɗaki, ba ya maganin fargaba, kuma babban mutum ma idan ya wuce giram 4 a rana yana iya lahanta hantarsa. Kofi da goro da lemon ƙara kuzari da ake sha don raba dare, sinadarin kafin da ke cikinsu yana ƙara bugun zuciya ne kawai.

Iyaye, ku ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. Idan ya nuna 38 ko fiye, ko akwai amai, ciwon kai mai tsanani ko sanƙarewar wuya, a garzaya asibiti. Idan ba zazzaɓi, a buɗe taga, a ba yaro ruwa, ya watsa ruwa, ya mayar da karatu mai wuya bayan sallar asuba. Duk bayan minti 40 ya tashi ya miƙe ƙafa. Sannan a zauna a tambaye shi abin da ke damunsa, ban da gori da kwatanta shi da 'ya'yan maƙwabta. Idan damuwar ta ɗauki makonni tana hana shi ci da barci, a ga likita.

Yarinyar nan dai ba ta sayi ko ƙwaya ɗaya ba, mai koya mata lissafi uwar ta tafi nema. Allah Ya ba yaranmu sa'a. Sai mako mai zuwa.